Safar Hannun Dogo

Tun kafin in riƙe allura a wurin nan, tambaya ɗaya ce ta tsaya mini a rai: idan aka daina wasa, ina za a kai mai wanki? An ɗauke ni aiki a watan Satumba, a ɗakin kayan wata ƙungiyar hokin ƙanƙara da ke gefen Manchester. Ba wanda ya ce mini aikin na dindindin ne, ba kuma wanda ya ce na ɗan lokaci ne. Turancina a lokacin bai kai na yin tambaya ba, tsorona kuma ya fi Turancin yawa. Haka na riƙa ɗaukar tambayar nan a bas daga Hulme kullum safiya, in dawo da ita gida da yamma yadda na fita da ita.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, 'yan matanmu ne. Duk taron suna ko walima sai wata ta ja ni gefe: "Anti Hansatu, don Allah ki samo mini aiki a wurinku mana. Ba wanki ba ne kawai? Inji ne ke yi, ke kuma kina kallon wasa kyauta." Ni dai ba tsohuwa ba ce, karatuna ma a firamare ya tsaya. Amma gara in faɗa muku sau ɗaya a rubuce, in huta da maimaitawa a bakin kicin ɗin mutane.

Ga wadda ba ta taɓa ganin wasan ba: ƙarti ne shida-shida a kan daskararren ruwa, da takalma masu wuƙa a ƙasa, kowa da sanda mai lanƙwasa. Abin da suke kora wata baƙar roba ce, faɗinta kamar waina, taurinta kamar dutse. Gudu suke kamar an harbo su, suna maka juna da bango, shi ya sa kowa ke naɗe da sulke tun daga kafaɗa har ƙwauri. Duk abin da suka jiƙa da gumi ko suka yaga, gobe da safe yana gabana.

Shekarun nan ne da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, komai aka taɓa sai a ce babu kuɗi. Council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe wurin renon yara da ke bayan layinmu. Mijina Auwalu yana gadi a wani kanti, aka rage masa ranakun aiki. 'Yarmu Nana tana da shekara uku. Yayata Bilki kuwa tana Erdington a Birmingham, mijinta akanta ne, suna da ɗaki a sama ba kowa a ciki. Duk waya sai ta ce, "Hansatu, be serious. Ki tattaro yarinyar nan ku dawo nan, shi Auwalu ya lallaɓa wurin abokansa har abubuwa su daidaita." Ba da mugunta take faɗa ba. Amma na san idan muka saki flat ɗinmu muka rabu gari biyu, ba wanda zai iya ce mini ga ranar haɗuwa. Aikin nan shi ne ya riƙe rufin da ke kanmu mu uku.

Wankin farko da na yi, sai da na fita waje na sha iska. Maigidana a wurin wani tsohon Bature ne mai suna Ken, shi ke kula da duk kayan ƙungiyar. Baba Ken nake ce masa, tun yana gyara mini har ya haƙura ya fara amsawa. Ya buɗe mini ƙofar ɗakin 'yan wasa, wari ya tare ni kamar bango: gumi, roba, jiƙaƙƙen takalmi, duk a dame. Ya dubi fuskata ya tuntsire da dariya, ya ce kwana kaɗan zan daina ji. Gaskiya ya faɗa. Nana ce dai ba ta daina ji a jikina ba, in na dawo sai ta toshe hanci ta nuna mini banɗaki.

To ku da kuke cewa inji ne ke yi, ku saurara. Kowane ɗan wasa da igiyarsa mai lamba, a jikinta ake zura kayansa na ciki don kada su cakuɗe da na wani. Jini da ruwan sanyi ake fitar da shi, ruwan zafi dafa shi yake a jikin riga. Ba a sa maganin laushin kaya, yana toshe yadin ya hana shi shan gumi. Salatif ɗin da suke naɗe safar ƙafa da shi sai an bi an ɓare shi da farce, in aka manta ya narke a inji ya manne wa komai. Sulken kafaɗa da na gwiwa ba sa shiga injin busarwa, rataye su ake a kunna musu fanka. Inji bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Safar hannu ta farko da na gyara, a kwandon shara na tsince ta. Safar wasan nan ba irin ta sanyi ba ce, ƙatuwa ce, bayanta duk kumbura-kumbura don kare yatsu, amma tafinta fata ce siririya mai laushi. Na juya wannan na ga bayanta lafiya lau, tafin ne kawai ya huje. Abin ya ba ni mamaki, na kai wa Baba Ken na tambaye shi da hannu da ɗan Turancina me ya sa za a zubar. Ya ce da can akwai wani mutum da suke aika wa ya sauya tafi, amma ya rufe shago, sabuwa kuma tsada gare ta, masu ƙungiya kullum cikin ƙorafi suke.

Babana baduku ne a cikin birnin Kano. Ba a zaunar da ni an koya mini sana'ar ba, amma ni ce mai miƙa basilla, ni ce mai murza zare da kaki, idan aiki ya yi yawa gab da salla kuma a tura mini ɗinkin bakin jaka. Ban taɓa zaton abin zai bi ni har ƙasar da ake wasa a kan ruwa ba. Na ce wa Baba Ken ya ba ni ita in je gida. Na yanka wata tsohuwar jakata ta hannu, na yi abin da na ga babana yana yi.

Ga yadda ake yi. Za ki warware tsohon tafin a hankali da bakin reza, zare bayan zare, kada ki yanka jikin safar. Kada ki zubar da shi, shi ne ma'auninki: ki shimfiɗa shi a kan sabuwar fata ki zana, ki yanka da ɗan rara. Kada ki huda sababbin ramuka, ki bi tsofaffin da lanƙwasasshiyar allura da zare mai kaki. Yatsu huɗu da sauƙi. Babban yatsa shi ne mai sa kuka, don a karkace yake, kuma hannunki a cikin safar yake kina ɗinki ba kya ganin abin da kike yi. Idan ƙulli ya faɗo ta ciki, zai ci hannun mutum ya yi masa bororo. Safa ɗaya takan cinye mini yini, yatsuna kuma sun yi kanta har na daina jin zafin tukunya.

Da na kawo, Baba Ken ya zura hannu, ya dunƙule, ya buɗe, ya ɗauki sanda ya jujjuya. Bai ce ta yi kyau ba. Sai ya janyo wani kwali daga ƙarƙashin tebur cike da hujajjun safofi, ya dire mini a gaba, ya koma kan injinsa na wasa wuƙar takalma. Daga ranar aka sa mini kujera da fitila a kusurwa.

A nan na fara sanin mutanen ta hannayensu. Sunayensu sun yi mini wuyar faɗa, sai na raɗa musu nawa. Akwai Mai Giɓi, ɗan Kanada, haƙoransa na gaba duk roba ta kwashe su. Shi tafi siriri yake so kamar fatar albasa, wai yana son ya ji robar ta cikin sanda. Ni kuwa har yau ina mamakin yadda mutum zai ji abu ta cikin sanda, amma in na ba shi mai kauri sai ya dawo da ita yana girgiza kai. Akwai 'yan gida masu wani aikin da rana, ɗaya mai gyaran famfo ne, su kauri suke so don ta daɗe. Na lura kuma hannun da ke riƙe saman sanda shi ke fara hujewa, saboda salatif ɗin da ke wurin yana cin fata. Da na ga safa nakan san yadda mai ita ke riƙe sandarsa tun ban gan shi a fili ba.

Sai kuma Dogo, kyaftin ɗinsu. Shi ma daga ƙetare ya zo, amma ya daɗe a garin, ya auri 'yar nan, 'ya'yansa a nan suke makaranta. Ya girmi kowa a ƙungiyar, in ya tashi daga benci sai ka ji gwiwarsa ta yi ƙara. Shi kaɗai ne ya tambaye ni ma'anar sunan da na sa masa. Da na gaya masa, kullum in ya shigo sai ya buga ƙirji ya ce, "Dogo ya iso," da irin Hausarsa mai ban tausayi. Ranakun da na rasa inda zan bar Nana, shi ne ya ce wa Baba Ken a bar ta ta zauna a kan tulin tawul, ba za ta dame kowa ba.

A watan Maris aka shiga abin da suke kira playoff, wato wasannin sili-ɗaya-ƙwale. Wasa biyu ne za a yi da wata ƙungiya ta wajen Birmingham, Asabar a gidanmu, Lahadi a gidansu, a haɗa cin duka biyun. Wanda ya gaza, shekararsa ta ƙare nan take. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Ƙarti masu 'ya'ya, wasu har da digiri, suka daina aske gemu tun da aka tabbatar sun samu shiga. Wani ya ce kada in wanke masa safar ƙafa. Wani dole sai ƙafar hagu zai fara sa wa takalmi. Na tambayi Baba Ken ko addininsu ne ya ce haka. Ya ce a'a, tsoro ne kawai, ba mai son ya canza komai kada sa'a ta gudu. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne.

Cikin makon nan na ɗauki safar Dogo zan rataye, sai yatsana ya faɗa rami. Tafin dama ya huje, ramin ya kai bakin kofin shayi. Na tare shi a ƙofa.

Na ce, "Dogo, ba ni yini ɗaya. Kafin Asabar ta zama sabuwa."

Ya karɓe ta daga hannuna kamar na ɗauki jaririnsa. Ya ce, "Hansatu, da ramin nan muka ci wasannin da suka kawo mu nan. Ba mai taɓa ta."

"Hannunka zai sale."

"Ya sale. Bayan an gama."

"In sanda ta zame fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Sai in ce ke kika yi mini baki."

Ranar ce na yi ƙarfin hali na yi wa Baba Ken tambayar da nake ta yawo da ita tun Satumba. Ya kashe injinsa, ya nuna mini wani dogon katako a bango mai jerin ƙusoshi, wanda na ɗauka na rataye riguna ne. Ya ce an ƙara wa ƙungiya kuɗin hayar filin saboda council ta janye tallafinta, masu ƙungiya kuma suna maganar ba wa wani kamfani wankin baɗi. Abin da zai sa a riƙe ni shi ne gyaran safa. Ya ce takardar contract ta 'yan wasa sai can wajen Agusta ake sa hannu, amma tun zamanin da ya fara aiki akwai al'ada: ranar kwashe kaya bayan wasan ƙarshe, duk wanda ya san zai dawo sai ya rataye safarsa a ƙusa don a gyara masa kafin sabuwar kaka. Ɗan wasa ba ya barin safarsa inda ba zai dawo ba. Ya ce, "In katakon nan ya cika, kina da aikin bazara da na baɗi, ni zan tsaya miki. In ya zauna fayau, ba ni da abin da zan nuna musu."

Asabar muka yi kunnen doki a gida. Lahadi da safe muka loda kaya a motar Baba Ken, ni da Nana a gaba, muka nufi Birmingham. Ya sauke mu a Erdington ya wuce filin. Kafin in cire takalmi Yaya Bilki ta ja ni sama ta nuna mini ɗakin. Har ta sa sabon labule, ta ajiye ɗan gado a gefe.

Ta ce, "Kin gani? GP ɗinmu, likitan unguwa, yana nan bakin titi, nursery kuma in kin leƙa taga za ki hango. Me kike jira?"

Na ce, "Yaya, bari dai a yi wasan yau."

"Wai rayuwarki ta rataya a kan waɗannan masu zamiya? To mu je in ga abin da ya hana ki dawowa gida."

Ta bar Nana wurin yaranta, ta zuro wata doguwar rigar fata ruwan ƙasa, muka tafi. Tun a mota idona ke kan rigar nan. Fatar tunkiya ce, mai laushi, ba kauri ba siranta. Ina zaune kusa da ita a filin ina ta shafa gefen rigar ban sani ba.

Yaya Bilki ba ta taɓa ganin wasan ba. Da aka maka wani da bango a gabanmu ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Ba 'yan sanda a garin nan?" Da biyu suka yar da sanduna suka kama dambe, alƙalan wasa suna tsaye suna kallo, ta ce, "Waɗannan iyayensu sun san abin da suke yi kuwa?" Amma kafin a je hutun ƙarshe ta miƙe tsaye tana ihu da Hausa, "Kai mai gemu, bi shi mana! Bi shi!" Na ce mata duk masu gemu ne. Ta ce ita ta san wanda take nufi.

Ana dab da tashi, ci ya yi daidai, robar ta faɗo gaban Dogo, ba kowa tsakaninsa da mai tsaron raga. Ya ɗaga sanda ya maka. Muka ji ƙarar ƙarfe, ta bugi turken raga ta dawo. Su kuma suka kwashe ta suka yi can gefen da gudu, sai ga fitila ta kama a bayan ragarmu, alamar sun ci. Filin ya ɗauki ihu, ba namu ba. Shi ke nan, an fitar da mu.

Abin da ya biyo baya ya fi wasan ba ni mamaki. Mutanen da yanzu suka gama kirɓar juna suka yi layi biyu, kowa ya cire safar dama, suna wucewa suna musafaha ɗaya bayan ɗaya, har da rungume-rungume. Daga inda nake na hango tafin Dogo ja wur daidai inda ramin yake. Ko ramin ne ya sa sandar ta karkace? Na tambayi Baba Ken a hanyar dawowa. Ya ce ya ga mutane da sabuwar safa fil sun bugi turke, ya ga masu yagaggiya sun ci. Har yau ban sani ba, kuma nakan yi tunanin abin in ina ɗinki.

Ranar kwashe kaya na zo da wuri na zauna a kusurwata, inda nake ganin katakon sosai. Da suka fara shigowa ban gane su ba, duk sun aske gemu, fuskoki fari tas kamar 'yan makaranta. Sai da Mai Giɓi ya yi murmushi na san shi ne. Ya zo ya gaishe ni ya ce an gaya musu baɗi ba za a iya riƙe 'yan ƙetare da yawa ba, shi ya samu wata ƙungiya a Jamus. Ya ɗaga safarsa da na gyara ya ce zai nuna musu aikin Kano. Na yi masa fatan alheri, ina kallo ya tura ta cikin jaka ya ja zif.

Haka suka yi ta wucewa. Wannan zai koma gida ya kama aikin kashe gobara. Wancan matarsa ta gaji. Mai tsaron raga ya ce sai ya ga abin da wakilinsa zai samo. Kowa ya zo ya sha hannu da Baba Ken, ya ɗaga mini hannu, ya wuce katakon ko kallo babu. Mai gyaran famfo ya rataye tasa, wani ɗan gida ya bi bayansa. Daga nan shiru. Safa biyu a dogon katako, sai ka ce jemagu a kango. Na fara lissafin abin da zai shiga akwati da abin da za mu bar wa Auwalu.

Dogo ne ya zo ƙarshe, yana ɗingishi. Bai je wajen katakon ba, wurina ya nufo, ya ajiye safar nan mai rami a kan teburina.

Ya ce, "Yanzu an gama. Ki taɓa ta."

Na ce, "A ƙusa ake ratayewa."

Ya ce, "Ƙusa ta masu dawowa wasa ce. Likita ya duba gwiwar jiya. Dogo ya gama."

Na ɗauki safar ina jujjuyawa don in sami inda zan sa idona.

Ya ce, "Ki gyara ta da kyau, amma ki ɗan matse yatsun. Wanda zai sa ta hannunsa bai kai nawa ba."

Ya fita, na ji ana jan abu a ƙasa. Sai ga shi ya dawo da wata ƙatuwar jakar kaya, ya zazzage ta a tsakar ɗaki. Safofi ne tuli, wasu an naɗe su da salatif, wasu yatsu a waje, wata ma kala biyu ce ba ta da 'yar uwa. Ya ce tunda ba kuɗin ɗauko 'yan ƙetare, masu ƙungiya sun yanke shawarar ɗago samarin ƙaramar ƙungiya su cike gurbi, shi kuma an ba shi mataimakin koci ya raine su. Yawancinsu da kwancen yayyensu suke wasa, ba kuma wanda zai saya musu sababbi. Jiya ya bi su gida-gida ya karɓo.

Na ce, "Za su iya kuwa?"

Ya ce, "Za mu sha kashi har Kirsimeti. Bayan nan, ni ma ina son in gani."

Ya durƙusa da ƙyar, ya fara ɗauka yana ratayewa da kansa, yana faɗa mini wane ne wane: wannan mai gudu ne amma ba ya duba baya, wannan ƙato ne mai tsoron bango, wannan bahago ne. Ƙusoshi suka ƙare, safofi ba su ƙare ba. Baba Ken ya taso daga wurin injinsa. Ya buɗe durowa ya ɗauko guduma da ƙusoshi, ya fara ƙarawa a jikin katakon.

Da yamma na kira Yaya Bilki na ce ta ba baƙi ɗakin. Ta ce, "To Allah ya sa alheri. Amma labulen nan sai kin biya ni da tuwo." Na gaya mata matsala ɗaya ta rage, an ba ni aiki amma ba a ba ni kuɗin fata ba. Bayan kwana kaɗan ɗan aike ya buga mana ƙofa da ƙunshi. Doguwar rigar nan ce ruwan ƙasa. Na kira ta ina salati. Ta ce, "Tun a filin na ga kina shafa mini riga kamar mai tayin akuya a kasuwa. Ki yanka, dama ta matse ni." Da bayan rigar na yi tafin safar Dogo. Da aka dawo wasa, rabin ƙungiyar da rigar Yaya Bilki suke riƙe sanda. Sun sha kashin kamar yadda ya faɗa, amma ba duka ba, kuma wanda ya gaji safar yana nan har yau, har ya fara gemu.

Muna nan a Hulme mu uku. Har yanzu duk watan Maris nakan shiga zullumi, duk ranar kwashe kaya kuma nakan zo da wuri in zauna inda nake ganin katakon. Wadda duk take son koyo, ƙofa a buɗe take, amma ta san za ta fara ne daga ɓare salatif, kuma za ta daɗe kafin in bar ta ta taɓa babban yatsa.

Roƙona gare ku ɗaya ne. In kuna da tsohuwar rigar fata, ko jakar hannu da zif ɗinta ya mutu, ko kujerar da za a fitar, kada ku kai shara. Ku duba ta ciki tukuna: in kun ga 'yan ɗigo-ɗigo uku-uku a jikin fatar, ta alade ce, wannan ku bar ta. In ta akuya ce ko ta tunkiya, mai laushi, wadda za ku iya dunƙulewa a tafin hannu, ku ajiye mini ita. Ku kawo mini taron suna na gaba, zan zo da babbar leda.